Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi? Rigimar baƙin 'yan kokawa a kulob-kulob ɗin Amurka

Idan kana cikin masu raba dare a TikTok da Facebook ana musu kan Khabib da Islam Makhachev da Kamaru Usman, to ka riga ka san kokawa ce ginshiƙin ƙarfin mutanen nan uku. Amma akwai wata muhawara a duniyar kokawar Olamfik da ba ta cika faɗowa shafukanmu ba, alhali ta shafe mu fiye da yadda kake zato.

Ga tambayar a taƙaice. Ka tara kuɗi ka gina ɗakin atisaye, ka ɗauko koci mai tsada, ka shimfiɗa katifu. Sai wani ya zo ya zauna, ya ci, ya sha, ya koyi duk dabarunku. Ranar gasa ya ɗauko tutar wata ƙasa, ya shiga fili ya maka ɗan gidanku da ƙasa. Gobe da safe za ka sake buɗe masa ƙofa?

Kafin ka yi saurin cewa "Allah ya kiyaye", tsaya ka ji yadda abin yake.

Mene ne waɗannan kulob-kulob ɗin?

A Amurka, makaranta ce gidan kokawa. Yaro yana farawa tun yana ƙarami, ya yi a sakandare, ya wuce jami'a. Matsalar ita ce kokawar jami'a tana da nata dokoki, daban da na Olamfik, kuma da zarar ka kammala digiri, shi ke nan, babu wata babbar lig mai biyan albashi irin ta ƙwallon kwando da za ta ɗauke ka. Mutum yana ɗan shekara 23, ƙarfinsa ya kawo, sai a ce ya je ya nemi aikin ofis.

Don toshe wannan giɓi aka samar da cibiyoyin horaswa na yanki, waɗanda ake taƙaita sunansu da RTC. Kulob ne da yawanci ke jingine da wata jami'a, yana amfani da ɗakin atisayenta, hukumar kokawa ta ƙasar ta san da zamansa, amma kuɗinsa akasari daga aljihun masu ba da gudummawa yake fitowa: tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwa, masoya wasan. Da kuɗin ake biyan koci, a ba manyan 'yan kokawa alawus don su zauna su yi atisaye kawai. Cikin waɗanda suka fi suna akwai Nittany Lion da ke jingine da jami'ar Penn State, da Cliff Keen a jami'ar Michigan, da Hawkeye a jami'ar Iowa.

Sai ka haɗa wannan da wata doka mai tsauri. A gasar Olamfik, ajin nauyi 18 ne kacal a kokawa: 6 na maza a salon da ake kama ƙafa, 6 na maza a salon Girka da Roma, 6 na mata. Kowace ƙasa mutum ɗaya tak take iya sakawa a kowane aji. Ko da kai ne na biyu a duk duniya, muddin na ɗaya ɗan ƙasarku ne, to a talabijin za ka kalli gasar. Wannan doka ce uwar duk abin da za ka karanta a ƙasa.

Ranar da ɗan Uzbekistan ya kunyata gwarzon Amurka

Jordan Burroughs ya ci zinare a Landan a 2012, a ajin kilo 74. Ya je Rio a 2016 kowa na ganin cewa zinare na biyu kawai zai ɗauko. Wani ɗan Rasha ya fara kayar da shi. A zagayen neman tagulla kuma ya haɗu da Bekzod Abdurakhmonov na Uzbekistan, aka tashi 11 da 1. A wannan salon, tazarar maki 10 tana kawo ƙarshen wasa nan take, wato ko lokaci bai cika ba aka tashe su.

To ina Bekzod ya goge? A Amurka. Ya yi kokawar jami'a a Clarion da ke jihar Pennsylvania. Daga baya ya koma atisaye a kulob ɗin Nittany Lion, kuma daga can ya tafi Tokyo ya ciyo wa Uzbekistan tagulla a wannan aji na kilo 74.

Ba shi kaɗai ba ne. Myles Amine haifaffen Michigan ne, ɗalibin jami'ar Michigan, ɗan kulob ɗin Cliff Keen. Ta wajen dangin mahaifiyarsa ya samu damar wakiltar San Marino, wata 'yar mitsitsiyar ƙasa da Italiya ta kewaye, wadda mutanenta ba su kai dubu 40 ba. A Tokyo, a ajin kilo 86, ya kara da David Taylor na Amurka ya sha kashi, amma ya dawo ta ƙofar baya ya ci tagulla. A 2022 ya zama zakaran Turai. Abokin atisayensa Stevan Micic, shi ma haifaffen Amurka, ya zaɓi Sabiya, ƙasar kakanninsa, ya zama zakaran duniya a kilo 57 a Belgrade a 2023. A Paris a 2024, Sebastian Rivera ɗan New Jersey ya ci tagulla da sunan Puerto Rico, Roman Bravo-Young wanda ya zama zakaran jami'o'i sau biyu a Penn State ya fito da rigar Meziko.

Bangaren koci ma haka. Sergei Beloglazov, wanda ya ciyo wa tsohuwar Tarayyar Sobiyet zinare biyu a 1980 da 1988, shi aka ɗauko a 2018 ya jagoranci horaswa a Cliff Keen. Ka ga abin mamaki: mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana kayar da Amurkawa, shi ne suka biya ya koya wa 'ya'yansu.

Me masu ƙorafi ke cewa?

Kada ka ɗauka hassada ce kawai. Suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba.

Na farko, kuɗi. Duk alawus ɗin da aka ba wanda zai ɗaga tutar wata ƙasa, an hana wani ɗan gida ne. Kujerun ba su da yawa. Mai ba da gudummawa zai iya cewa: ni don tutarmu na bayar, ya aka yi San Marino ta kwashi lada?

Na biyu, sirri. Kokawa wasa ne na sanin jiki. Wanda kuka shekara uku kuna cakumar juna kullum ya san ta wace ƙafa kake fara kai hari, ya san lokacin da numfashinka ke yankewa, ya san dabarar da kake komawa gare ta idan an matsa maka. Bidiyo ba ya koyar da wannan. Ranar da kuka haɗu a gasar duniya, babu abin da za ka ɓoye masa.

Na uku, adalci. Ɗan kokawar da ya tsaya wa Amurka dole ya bi ta gasar tantancewa mai zafi, inda zakarun duniya ke faɗuwa tun a gida. Wanda ya samo fasfon ƙaramar ƙasa kuwa, kusan babu mai ja da shi a can. Ɗaki ɗaya, gumi ɗaya, amma hanyar ɗaya ta fi ta ɗayan sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya ƙara wa muhawarar gishiri shi ne sakamakon Paris. A Tokyo Amurka ta kwashi lambobi 9 a kokawa, 3 daga ciki zinare. A Paris ta samu 7, kuma zinare biyun duk mata ne suka kawo. Mazan salon kama ƙafa sun dawo babu zinare ko ɗaya, abin da rabon da a gani tun 1968, in ka cire 1980 da ƙasar ta ƙaurace wa gasar. Kun san halin mutane, idan abu ya lalace, baƙo ake fara kallo.

Amma me ya sa ba a kore su ba?

Saboda masu ɗakin ba wawaye ba ne. Ɗan kokawa ba ya wuce matakin abokan atisayensa. In kullum kana kayar da kowa a ɗakinku, to ka daina ƙaruwa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Kocin da ya ajiye mai tagullar Olamfik a ɗakinsa ya sayo wa yaransa jarrabawar da za su riƙa rubutawa kullum da safe, maimakon sau ɗaya a shekara.

Sannan salon ya bambanta. Amurkawa an san su da juriya da matsa lamba har abokin karawa ya gaji. Mutanen yankin Kaukasus da Asiya ta Tsakiya sun fi gwanancewa a natsuwa, da kare kai, da juya harin mutum ya koma kansa. Yaron da bai taɓa jin irin wannan hannu ba sai a gasar duniya, ai ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun sirri kuma, titin nan hannu biyu ne. In baƙo ya san ka, kai ma ka san shi. Kuma a wannan zamani da kowane wasa ke intanet, wanda ya rufe ƙofa don ɓoye dabara kansa ya rufe.

Akwai kuma lissafin jami'a, wanda shi ne ainihin maganar. Kulob ɗin yana taimaka wa jami'a ta jawo yara masu hazaƙa daga sakandare. Yaro ɗan shekara 17 da ake zawarci, in aka ce masa "zo nan, zakaran duniya za ka riƙa kamawa kullum", tutar da zakaran ke ɗagawa ba damuwarsa ba ce. Masu ba da kuɗin ma da yawansu kishin makarantarsu ne a gaba. Shi ya sa ƙorafi ke yawa a intanet, amma ƙofa ba ta rufuwa.

A ganina masu buɗe ƙofa sun fi gaskiya. Lambar da Amine ya kai San Marino ba daga hannun Amurka ya ƙwace ta ba, tunda mutum ɗaya dama doka ta ba su, kuma nasu mutumin, Taylor, shi ya tafi da zinaren ajin. Da bai samu wata tuta ba, da ya yi ritaya ko ya zauna a benci. Inda masu ƙorafi ke da gaskiya shi ne wajen bayyana wa mai ba da kuɗi abin da ake yi da kuɗinsa. Wannan haƙƙinsa ne.

Leƙa Dagestan ka ga ɗaya fuskar

Kun san barkwancin nan na Makhachev da ya karaɗe intanet, inda yake ba da shawarar a tura yaro Dagestan shekara biyu zuwa uku a manta da shi. Raha ce, amma akwai gaskiya a ciki. Wannan yanki na kudancin Rasha, mai mutane wajen miliyan 3, mafi yawansu Musulmi, yana fitar da 'yan kokawa fiye da yadda Rasha za ta iya amfani da su. Garin Khasavyurt shi ya haifi marigayi Buvaisar Saitiev, mai zinare uku na Olamfik a 1996 da 2004 da 2008.

Tunda gurbi ɗaya ne a kowane aji, ga kuma takunkumin wasanni da ya hau kan Rasha bayan yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, sai yaran suka bazu. Dubi abin da ya faru a Paris. Cikin zinare 6 na maza a salon kama ƙafa, 3 'yan asalin Dagestan ne suka ɗauka, kuma babu ko ɗaya da sunan Rasha: Razambek Zhamalov ya ci wa Uzbekistan a kilo 74, Magomed Ramazanov ya ci wa Bulgeriya a kilo 86, Akhmed Tazhudinov ya ci wa Bahrain a kilo 97, bayan ya fitar da Kyle Snyder na Amurka. Albaniya, wadda ba ta taɓa samun lambar Olamfik ba a tarihinta, ta samu tagulla biyu ta hannun 'yan kokawa biyu haifaffun Rasha.

Nan ne ya kamata ka bambance abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai ƙasar da ke gina ɗaki, baƙi su zo su amfana ita ma ta amfana. Akwai kuma ƙasar da ke sayen wanda wani ya riga ya gina. Ta biyun tana samun taken ƙasa da hoto, amma ranar da gwarzon ya yi ritaya, babu wani yaro a layi. Japan kuwa ta kwashi zinare 8 a kokawa a Paris da yaran da makarantunta da jami'o'inta suka raina. Wannan ita ce riba mai ɗorewa.

Ina Najeriya a cikin wannan lissafi?

Tsundum muke ciki, kuma tun ba yau ba. A 1994 wani matashi ɗan Bayelsa, Daniel Igali, ya je gasar ƙasashe rainon Ingila a birnin Victoria na Kanada da rigar Najeriya. Bai dawo ba. Ya samu mafaka, ya yi karatu a jami'ar Simon Fraser, ya zama ɗan ƙasa a 1998, ya zama zakaran duniya a 1999, ya ci zinaren Olamfik a Sydney a 2000. Tutar Kanada ya shimfiɗa a fili ya sumbata.

In da a lokacin akwai Facebook, ka san irin zagin da zai sha. To amma ji ƙarshen labarin. Igali ya dawo gida, ya shugabanci hukumar kokawa ta Najeriya, kuma a zamaninsa ne Blessing Oborududu, ita ma 'yar Bayelsa, ta ci azurfa a Tokyo a kilo 68, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu a kokawa. Wadda ta kayar da ita a wasan ƙarshe, Tamyra Mensah-Stock ta Amurka, mahaifinta ɗan Gana ne. A Birmingham a 2022 matan Najeriya sun kwaso zinare 3 a kokawa. Kanada ta samu zinaren Olamfik ɗaya a jikin Igali. Najeriya ta samu mutumin da ya ga yadda ake gina tsari da idonsa.

Yanzu ma zirga-zirgar ba ta tsaya ba. Odunayo Adekuoroye, mai lambobin gasar duniya har huɗu, ta samu aikin mataimakiyar koci a kwalejin Muhlenberg da ke Pennsylvania, wato ita ma tana cikin baƙin da ake magana a kansu. Ta ɗaya ɓangaren, cikin 'yan kokawa 6 da suka wakilci Najeriya a Paris, 5 mata ne, namiji ɗaya tilo kuma, Ashton Mutuwa, a Amurka ya tashi. Kun ga kenan, mu ma muna cin gajiyar ɗakin da wasu suka gina. Bai kamata mu fi kowa ɗaga murya kan baƙi ba.

Abin da ya kamata ya hana mu barci daban ne. Najeriya ta dawo daga Paris ba lamba ko ɗaya a duk wasanni. A gasar kuma Salwa Eid Naser, haifaffiyar Najeriya, ta ci wa Bahrain azurfa a tseren mita 400. Annette Echikunwoke, wadda ta zo wakiltar Najeriya a Tokyo aka hana ta shiga tare da wasu 'yan wasa tara saboda ba a cika musu ƙa'idar gwajin ƙwayoyi ba, ta koma rigar Amurka ta ci azurfa a jifan guduma. Ba ɗakin baƙi ne ya ƙwace ta ba. Sakacin gida ne ya miƙa ta.

Mu a Arewa fa?

Ga tambayar da nake so ka tauna. Kokawa ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Bayan girbi ake kafa fili, a buga kalangu, gwani ya taso daga wani gari ya zo neman kaye, kuma babu wanda ke cewa a kore shi don baƙo ne, zuwansa ne ma ke cika fili. A Nijar, gasar takobi da aka fara a Tahoua a 1975 tana tsayar da ƙasa cak, kuma sunan Issaka Issaka na Dosso ko yaro ya san shi. Ƙarfin yana nan, son wasan yana nan.

To me ya sa in aka lissafa masu wakiltar Najeriya a kokawar Olamfik, Bayelsa da Ondo ake ta ji? Ba don sun fi kowa ƙashi ba ne. Can akwai katifa, akwai koci da ya san dokokin duniya, akwai wanda ya tsaya shekara da shekaru. Kokawar gargajiya da ta Olamfik 'yan uwa ne amma ba abu ɗaya ba ne. A tamu, da gwiwa ko baya ya taɓa ƙasa an gama. A tasu, faɗuwa ƙasa sabon babi ne, akwai maki, akwai lokaci, akwai awon nauyi. Dole sai an koya, kuma da ƙuruciya aka fi koya.

Wannan ilimin, in babu shi a unguwarku, daga wani wuri zai zo. Ko koci daga Yenagoa, ko daga Alƙahira, ko daga Tehran. Ranar da ya zo, za ka ji masu cewa "me ya sa ba a ba ɗan gida ba?" Ka tuna da Beloglazov a Michigan. Tambayar da ta dace ita ce: yara nawa zai bari a baya da za su iya koyar da wasu in ya tafi? In kwantiragin bai ƙunshi horar da kociyoyin gida ba, to haya aka yi, ba gini ba.

Abin da za ka riƙe

In kana da burin fita waje ta hanyar wasa, ka lura da yadda waɗanda na ambata suka fita. Kowannensu da sakamako a hannu ya tafi: gasar ƙasa, gasar nahiya, sunan da ake iya bincikawa. Jami'o'in Amurka kuma ɗalibi suke ɗauka, don haka takardun makaranta da Turanci suna cikin kayan atisaye. Duk wanda ya shigo maka ta saƙon sirri yana cewa ka turo kuɗi zai haɗa ka da wani kulob a ƙasar waje ya samo maka biza, ka riƙe aljihunka. Kulob na gaske bidiyon wasanka da tarihin gasarka zai nema.

Ka kuma sani canza tuta ba kamar canza hoton fuskar WhatsApp ba ne. Dokar Olamfik ta ce wanda ya taɓa wakiltar wata ƙasa sai ya jira shekara 3 kafin ya wakilci wata, sai dai in hukumomin da abin ya shafa sun amince a rage. Shekara 3 a rayuwar ɗan wasa ba ƙaramin abu ba ne.

In kuma kai ɗan kallo ne mai data da baki, to ka san inda za ka nufa da yatsa. Zagin yarinyar da ta tafi inda ake biyan ta alawus a kan kari ba zai dawo da ita ba. Ka tambayi hukumar wasanni ta jiharku katifun kokawa nawa take da su. Ka tambayi ɗan majalisar da ke raba kofi da babur ranar gasar gargajiya ko zai iya biyan albashin koci ɗaya na shekara biyu. Ka tambaya ko akwai sakandare ɗaya a ƙaramar hukumarku da ake koyar da kokawa, maza da mata.

Amurkawa suna rigima ne kan wa za a bari ya shiga ɗakinsu, don suna da ɗakin da duniya ke rububin shiga. Mu tamu rigimar ba ta kai nan ba tukuna. Sai ka gina ɗaki kafin ka yi musu kan wa za a ba makulli.

Kai fa, in kai ne mai kulob ɗin, za ka ajiye Bekzod ko za ka sallame shi? Ajiye mana amsarka, amma da hujja, ban da zagi.